Wace kalma za mu ba aikin Howard Colvin?

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamai. Ana buƙatar kalmar Hausa ta abin da Turawa ke kira architectural historian, don rubutu a kan Howard Colvin, mutumin Ingila da aka haifa a 1919, ya rasu a 2007. Na ga an sa "masanin tarihin gine-gine". Ya wadatar?

Malamin tarihi: Wa alaikumus salam. A jarida ya wadatar, amma yana da ɗan yoyo. Mai karatu zai ɗauka mutumin yana ba da labarin shekarar da aka gina gida da waɗanda suka zauna ciki. Tambayar Colvin guda ce: wa ya tsara wannan gini, kuma ina hujja? Da tarihin zamanin tsakiya ya fara, littafinsa na 1951 ma a kan wata ƙungiyar 'yan zuhudun Kirista ne. Daga 1948 zuwa 1987 yana kwalejin St John's a Oksifod. A 1954 ya fitar da ƙamus na tarihin masu tsara gine-ginen Ingila daga 1660 zuwa 1840, aka faɗaɗa shi a 1978 ya haɗa da Sikotilan, ya kuma koma baya zuwa 1600. Bugu na uku ya fito a 1995, na huɗu a 2008 bayan rasuwarsa. Ni zan ce "masanin tarihin tsarin gine-gine".

Mai zanen gini: Malam, me ya hana "zanen gine-gine"? Da haka mutane suka san mu.

Malamin tarihi: Injiniya, a yau haka ne, amma a zamanin da Colvin ya bincika mai tsarawa da mai zanawa ba lallai su zama mutum ɗaya ba. John Vanbrugh soja ne kuma marubucin wasan kwaikwayo kafin ya karɓi aikin tsara katafaren gidan Castle Howard a 1699, Nicholas Hawksmoor ne ya ɗauke masa nauyin zane da lissafi da yawa. Christopher Wren, wani shahararren mai tsara gini, shi ma farfesan ilimin taurari ne. Sai 1834 masu wannan sana'a suka kafa ƙungiyarsu a Landan. Kafin nan magini ko kafinta ko attajirin da ya zaga Italiya, kowa yana iya tsara gida. "Tsari" ta ɗauke su duka, "zane" tana zubar da wasu.

Malamar Hausa: Na goyi bayan "tsari". Mu ma Babban Gwani Mika'ilu, da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ba da takarda aka san shi ba, amma ba mai musun cewa shi ya tsara bakunan nan. Sai dai kalma huɗu ta yi wa baki nauyi. A kawo ta cikakkiya a farkon rubutu, daga nan a riƙa cewa "masanin". Abin da ya fi damuna shi ne kalmar attribution, wato a ce wane ne ya tsara gini kaza, don ita ce zuciyar aikin.

Malamin tarihi: Gaskiyarki Malama. Kafin Colvin, duk wani gida mai kyau na ƙarni na 17 sai a ce na shahararren mai tsara gini Inigo Jones ne ko na Wren, don kawai ya yi kama da nasu. Gidan Coleshill, wanda gobara ta cinye a 1952, ya daɗe ana ba Jones shi, alhali Roger Pratt ne ya tsara shi, kamar yadda littattafan ajiyarsa da aka buga a 1928 suka nuna.

Malamar Hausa: To ai muna da ita tun tuni: jinginawa. Ana jingina magana ga malami, ana jingina waƙa ga mawaƙi. Gini mai hujjar takarda "tabbatacce", wanda kama kawai aka bi "jinginanne". "Dangantawa" ta yi sako-sako, tana iya nufin kowace irin alaƙa.

Mai zanen gini: Wannan ta zauna. Amma a gane cewa takarda ma tana ruɗi. Ana duba yarjejeniyar aiki, littafin kashe kuɗin gini, wasiƙun mai gida, lissafin cocin unguwa, da kundin bankuna irin su Hoare's da Drummonds inda attajirai ke ajiya. Ka ga an biya wane fam ɗari biyu, sai ka ce shi ne mai tsari, ashe ɗan kwangilar dutse ne. Babban kuɗi yakan tafi ga mai sayen kaya da biyan leburori. Mai tsarin na iya karɓar 'yan kuɗi kaɗan, in kuwa abokin mai gida ne bai karɓi ko kwabo ba, sunansa ba zai fito a lissafi ba sam. Haka hotunan da aka buga da farantin tagulla: a ƙasansu akwai gajerun kalmomin Latin, inv. ga wanda ya ƙirƙiro tsarin, del. ga wanda ya zana hoton, sculp. ga wanda ya sassaƙa farantin. Wanda bai lura ba sai ya ba mai sassaƙa gidan da bai taɓa takawa ba.

Mai tambaya: To in an sami takarda ɗaya kawai, kuma ba ta fito fili ba?

Malamin tarihi: A bar shi a jinginanne, a faɗi dalilin jinginawar: don kamannin bakan taga ne, ko don mai gidan ya taɓa ba mutumin wani aiki. Ranar da wasiƙa ko yarjejeniya ta ambaci sunansa da tsarin, sai a ɗaga shi zuwa tabbatacce.

Mai tambaya: Na gode malamai. Zan rubuta: masanin tarihin tsarin gine-gine, jinginawa, tabbatacce, jinginanne. Mai tsara gini ga Vanbrugh, magini ga ɗan kwangilar dutse.

Malamar Hausa: A jam'i a ce "jinginannun gine-gine", kada a rubuta "jinginannu gine-gine".