Neman kalma: kifin teku sabawa yake yi da ruwansa, ko gadonsa ya yi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kishin harshe. Akwai wata kalma da ta tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo ta gabanku.

Ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a nan Zariya. Al'adata ce in na gama darasi da Turanci in maimaita shi da Hausa, domin a nan nake gane wanda ya fahimta da wanda ya haddace kawai. Mun zo kan abin da Bature ke kira adafteshan, sai na ce wa yara ma'anarsa sabo da muhalli. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ke nan in aka ɗebo kifin teku aka zuba a dam ɗin Kubanni, in ya kwana biyu zai saba?" Akasarin kifayen teku mutuwa za su yi a Kubanni. Amma yarinyar ba ta da laifi, kalmar da na ba ta ce ta kai ta can.

Kafin mu yi gardamar suna, bari mu ga abin da za a raɗa wa sunan. Ku ɗauki shawa, kifin ƙanƙaran nan da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari. Danginsa na zaune a tekun Atlantika, inda kowace lita ta ruwa ke ɗauke da gishiri wajen giram 35. Amma akwai wani reshe nasu a tekun Baltik, tsakanin Suwidin da Finlan da maƙwabtansu, inda koguna suka tsinka ruwan har gishirin ya sauka zuwa wajen giram 7 a tsakiya, ya koma 2 ko 3 a can ƙuryar arewa. Wannan teku yaro ne, shekarunsa ba su wuce 10,000 ba. A ido, shawar nan da waccan kusan abu guda ne. Ko da aka duba abin da suke gadar wa 'ya'yansu, yawancinsa iri ɗaya ne. Sai a 2016 Farfesa Leif Andersson na Jami'ar Uppsala da abokan aikinsa suka nuna cewa akwai ɗaruruwan wurare a cikin wannan gado inda ɓangarorin suka rabu sarai, wasu sun shafi zama cikin ruwa mai ƙarancin gishiri, wasu sun shafi lokacin zubar da ƙwai.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na ido. Ruwan Baltik ba garau yake ba, ruɓaɓɓen ganye da koguna ke kwasowa ya rina shi, hasken da ke ratsa shi ya karkata zuwa ja. A 2019 masu binciken suka gano cewa sinadarin da ke kama haske a idon yawancin shawar Baltik ya sauya a wuri ɗaya tak, sauyin da ya sa ya fi kama wannan jan haske. Babu kifin da ya zauna ya koyi gani a wannan ruwa. Da idonsa aka ƙyanƙyashe shi.

To yaya aka yi? Kowace uwa na zubar da dubban ƙwai, 'ya'yan kuma ba su zama ɗaya, kamar yadda 'yan ɗaki ɗaya ba su zama ɗaya. Waɗanda abin da suka gada ya ɗan fi dacewa da ruwan su ne suka fi kaiwa ga haihuwa. Sauran su tafi. A maimaita haka zuriya bayan zuriya, sai a wayi gari abin da yake tsiraru ya zama shi ne gama-gari. Tankaɗe da rairaya ke nan, muhalli ne ke riƙe da rariyar.

Sabo kuwa a jikin mai rai ɗaya yake faruwa, kuma da shi ake binne shi. Bakano ya je Jos sanyi ya dame shi wata guda, daga baya ya saba. Ɗan da zai haifa a Kano ba zai zo da wannan sabo ba. Shi ma Bature yana da wata kalma daban ta wannan, don haka in muka ba wa adafteshan sabo, mun cinye kalmar da za mu buƙata gobe.

Na riga na jefa wa wasunku tambayar, na kuma ga kalmomin da kuka kawo, Allah ya saka da alheri. Ga inda na tsaya a kan kowace.

Masu cewa sajewa, kalmar tana da daɗi, amma aikin ido ce. Hawainiya ta saje da ganye, baƙo ya saje da 'yan gari. Ƙwan wani kifi mai suna kod na Baltik ya fi na ɗan'uwansa na Atlantika girma da rashin nauyi, don kada ya nutse a ruwan da ba shi da gishirin da zai tallafe shi. Da me wannan ƙwai ya saje?

Juriya ta fi kusa, kuma akwai inda take zama daram. Kifayen da ke kewayen Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya, suna iyo a ruwan da sanyinsa ya kai kusan digiri 2 ƙasa da sifili, jininsu bai daskarewa saboda wani sinadari da masanin kimiyya Arthur DeVries ya gano a ƙarshen shekarun 1960. Wannan juriya ce. Sai dai juriya tana nufin ana shan wuya ana daurewa, shi kuwa idon shawa ko lokacin zubar da ƙwanta ba daurewa ba ne. Rikiɗa ma na ajiye ta, don tana sa yaro ya zaci kifi ɗaya ne ya juye ya zama wani.

Wani ɗan'uwa ya kawo sabon gado. Na gane nufinsa, sabo da aka gada. Matsalar a rubutu take: tunda ba mu sa alamar karin sauti, mai karatu zai fara ganin gadon kwana da aka sayo jiya.

Amsar da ta warware mini ƙullin ta zo ne daga wani dattijo, malamina, da ya yi shekaru yana aikin gona a Samaru. Ya ce, "Ɗana, ka bar littafi ka saurari manomi. In ya samo iri daga wani wuri ya shuka ya yi kyau, cewa yake irin ya dace da ƙasar. Bai cewa irin ya saba." Allah ya gafarta Malam, haka ne. Makiyayi ma ya san haka: saniyar muturu na zaune lafiya a inda ƙudan tsando yake, saniyar bunaji kuwa ko shekara nawa ta yi a can sammore na nan yana jiranta. Ashe mutanenmu sun daɗe da raba abubuwan nan biyu, mu 'yan boko ne muka cakuɗa su.

Saboda haka abin da nake ba da shawara shi ne dacewar gado. Dacewa ta nuna tsakanin halitta da mazauninta, gado ya nuna hanyar da abin ke bi. Wata 'yar'uwa da na faɗa wa ta ce kalmar ta yi tsawo, kuma ba ta da fi'ili. Gaskiya ne ba ta kai sabo sauƙi a baki ba, amma fi'ilin yana nan: shawar Baltik ta gaji dacewa da ruwa mai ƙarancin gishiri. Na gwada jimlar a baki sau da yawa, ba ta yi mini tuntuɓe ba.

Wani abu ya biyo baya da ba zan ɓoye ba. Muna kiran komai ƙwayoyin halitta, daga ƙananan ɗakunan da suka gina jiki har zuwa abin da ake gada. In dai dacewar gado ta zauna, ina ganin ƙwayoyin gado ya kamata mu riƙa ce wa na biyun. Wannan zama ne na wata rana.

Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan koma ajin nan in janye abin da na faɗa. A allo zan rubuta: kifi ɗaya yana sabo, zuriyar kifi ce ke samun dacewar gado. Sannan in mayar wa yarinyar tambayarta ta Kubanni, in ji ko wannan karon kalmar za ta kai ta ga amsa.