Hangara ta cinye mini furen kabewa, ƙudan zuma kuma sun ƙaurace wa gonar

Mai tambaya, daga Maiwurno a Sudan: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina da gona fadan ɗaya (kusan eka ɗaya) kusa da kogi, na shuka kabewa, na sa kuɓewa da wake a gefe. Yaɗo ya yi kyau, fure ya fito, sai ga hangara, ƙwaron nan mai baƙi da ratsin ja. Da safe sai in tarar da uku ko huɗu cikin fure ɗaya, sun cinye gefensa ya zama kamar tsumma. Makon jiya na yi feshi da hantsi. Hangarar ta ragu kwana biyu ta dawo, amma ƙudan zuman da nake jin kukansu tun daga bakin gona yanzu sai ɗai-ɗai. 'Ya'yan kabewar suna kai girman ƙwan kaza su yi rawaya su faɗi, har waɗanda hangara ba ta taɓa furensu ba. Abin ya tsaya mini a rai, don da wannan gonar nake ciyar da gida. In ƙara feshi ne?

Dattijo mai amya, daga Sinnar: Wa alaikumus salam. Ɗana, ajiye famfon nan tukuna. Da hantsi ƙudan suke cikin fure, ka fesa musu magani a ka. Wanda bai mutu nan take ba ya kwasa ya kai amya. Shekara talatin ina kiwon zuma, na sha share gawarsu a bakin amya bayan maƙwabci ya yi irin feshin nan.

Malamin gona, daga Wad Madani: Gaskiya Baba ya faɗa, amma ƙanena, ko ba ka yi feshi ba da ƙudan sun ragu. Kabewa tana da fure namiji da fure mace, macen ita ce mai ɗan ƙulli a gindinta. Garin furen yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa, sai ƙwaro ya kai shi. Furen kuma safiya ɗaya yake yi, kafin azahar ya rufe ke nan. Abin da ke tsakaninsu ciniki ne: fure ya ba da ruwan zaƙi da gari, ƙudan ya yi masa dako. Launi da ƙamshi su ne tallan da yake kiran mai saye da su.

To hangara ta zo ta yaga tallan, ta kuma cinye garin. Ƙudan zuma yana da ƙwaƙwalwa, inda ya je ya sami kaɗan ba ya yawan komawa, ba ya kuma kiran 'yan uwansa zuwa can. Shi ya sa har furen da yake lafiya ya rasa baƙi, kuma mace ɗaya tana bukatar a ziyarce ta sau da yawa kafin ɗanta ya kama. An gwada wannan a Kaliforniya ta Amurka, a wani bincike da ya fito a 1999 kan wani tsiron daji da ƙwaro ke cin tohon furensa: furen da ba a taɓa ba ya ba da ruwan zaƙi ninki uku na wanda aka ci, masu barbara kuma suka fi zuwa wajensa. Kuɓewa da wake ba su kai kabewa shan wahala ba, domin furensu yana iya barbarar kansa, asararsu ita ce abin da aka ci kawai.

Ga abin yi. Ka fita da asuba lokacin da sanyi ya kashe wa hangara jiki, ka riƙa kakkaɓe ta cikin bokitin ruwan sabulu. Sannan da fitowar rana ka tsinki namijin fure, ka cire ganyensa, ka goga tsinken cikin a tsakiyar macen, kamar yadda masu dabino suke yi a arewa. Namiji ɗaya zai ishi mata biyu ko uku.

Wata uwa, daga Gadarif: Ɗana, don Allah kada ka kama ta da hannu tsirara. Ruwan jikinta yana tayar da bororo. Jikana ya murƙushe ɗaya a wuyansa, kwana biyar yana fama. Ka sa leda a hannu, kada ka taɓa ido. Kuma kada ka zuba wa jaki ko doki ciyawar da take ciki, dafinta yana kashe su.

Wani ɗalibi, daga Khartum: Malam, ni tambaya ce da ni. Ashe duk mai cin fure maƙiyi ne?

Malamin gona: A'a ƙanena. Ka fasa ɓaure ka ga 'yan ƙwarin da ke ciki. Su ne suke barbarar furensa, 'ya'yansu kuma a cikin wasu furannin suke girma suna ci. Ɓaure ya ba da kaɗan ya sami iri. Ita kanta hangara, tsutsarta a ƙasa take zama tana cin ƙwan fara. Ni abin da nake so a rage ta a lokacin fure, ba a ƙare da ita ba.

Dattijo mai amya: Ka duba rassan bishiyoyin gefen gonarka. Akwai ƙaramar zuma mai saƙa ɗaya a fili, wadda a ƙasar nan aka fara ganinta a Khartum a 1985, ta bi kogi ta bazu. Tana aiki a fure sosai, ka hana yara ƙona ta. In feshi ya zama dole, sai bayan la'asar sakaliya, furen kabewa ya rufe, ƙudan sun koma gida.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, Baba, Malam, Inna. Yau da asuba ni da ƙanena mun tara kusan rabin gwangwani, na kuma goga fure goma sha ɗaya na ɗaura musu zare don in gane su. Saƙar ƙaramar zumar ma na same ta a kan magaryar da ke kan iyaka. Malam, kwana nawa zan jira kafin in san ɗan ya kama?

Malamin gona: Uku zuwa biyar. In ka ga ƙullin yana kumbura, yana nan kore shar, ya kama.