Rasuwar tsohon fomanmu: yadda ta kaya a zauren tsofaffin ma'aikatan masaƙa

Baba Mai Rini: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Jiya bayan la'asar muka kai fomanmu na sashen rini makwancinsa a Tudun Wadan Kaduna. Na duba sahu, 'yan masaƙa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Mutumin da ya koya wa rabinku tsayawa gaban inji! Kullum zauren nan cike yake da hotunan biki da siyasa, ranar jana'iza kowa ya yi tsit. Tun da aka rufe masaƙar yake jiran kuɗin sallamarsa, ciwon ciki ya cinye shi babu na magani. Shi dai ya tafi shahidi, ku kuwa kun ci amana.

Ustaz na Rigasa: Allah ya jiƙansa. Amma Baba, a janye kalmar shahidi. Imamu Bukhari babi guda ya ware a kan cewa ba a cewa wane shahidi ne. Fata kawai ake yi masa.

Hajiya Mai Kaɗi: Ustaz, ba Bukharin ne ya kawo hadisin shahidai biyar ba? Wanda annoba ta kashe, mai ciwon ciki, wanda ya nutse, wanda gini ya danne, da wanda aka kashe a tafarkin Allah. Ko an goge na ciwon cikin a naka littafin?

Ustaz na Rigasa: Hajiya, hadisin hukunci ne na gaba ɗaya. Ɗora shi a kan wani mutum ayyananne kuma sai da nassi.

Ɗan Kakuri: Wai ma ciwon ciki ne? Ni suga na ji.

Baba Mai Rini: Kai da ba ka taɓa leƙa shi ba, a ina ka ji?

Ɗan Kakuri: A majalisa, Baba.

Oga Lantarki: Ni Kirista ne, ba zan shiga maganar malamai ba. Na sani dai a rikicin shari'a na 2000 a ɗakinsa na kwana har ƙura ta lafa. Daga nan ya koma arewacin gada, ni ina kudu, zumunci ya yi wuya. Ba wanda ya sanar da ni lokacin jana'iza.

Ma'ajin Adashi: Tunda hadisi ake kawowa, akwai na Muslim: ana gafarta wa shahidi komai sai bashi. Marigayi ya kwashi adashi a shekarar da aka rufe mu, zubi biyu bai cika ba. Don a sauke masa nauyi na faɗa, ba don tozarci ba.

Hajiya Mai Kaɗi: Kai Ma'aji, ji tsoron Allah! Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Kai kuɗin asusun jin daɗinmu da ke hannunka ina suka shiga?

Ma'ajin Adashi: An karanta lissafi a taro, ba ki zo ba.

Ɗan Kakuri: Taron da aka yi a falonka?

Baba Mai Rini: Ku bar wannan. Jibi sadakar uku, duk wanda bai je jana'iza ba ya zo ya rufa wa kansa asiri.

Ustaz na Rigasa: Ta'aziyya za mu je, ba sadakar uku ba. Cewa aka yi a dafa wa iyalan mamaci abinci, kamar yadda aka yi wa iyalan Sahabi Ja'afar, ba su su dafa wa jama'a ba. Matar da ba ta da na cefane za ku ɗora wa gumba da waina?

Hajiya Mai Kaɗi: Kafin a kafa ƙungiyarku ta Izala a Jos a 1978 iyayenmu na yin addu'ar uku da bakwai da arba'in. Duk ɓatattu ne?

Ustaz na Rigasa: Ban ambaci iyayen kowa ba.

Hajiya Mai Kaɗi: Ka faɗa a kaikaice.

Oga Lantarki: Don Allah wa zai ba ni kwatancen gidan?

Ɗan Kakuri: Ni duk laifin 'yan kasuwar da suka cika ƙasa da atamfar Sin ne. Da masaƙu na aiki da bai mutu a wulaƙance ba.

Ma'ajin Adashi: Wutar lantarki da baƙin mai suka kashe mu tun kafin atamfar Sin. Kuma rigar da ke wuyanka a hotonka ta ina ce?

Shugaban Zaure: Ya isa. A taƙaice: Ustaz ya kawo hujja daga Bukhari, ba wanda ya iya ture ta, saboda haka kalmar shahidi ta faɗi. An kuma fahimci sadakar uku ba ta da asali, duk da wasu sun ɗauki zafi maimakon ilimi. Maganar asusu kuwa ina wurin da aka karanta lissafi, kada a sake tayar da ita. Zubi biyun nan a sanar da magada. Na rufe zaure sai bayan isha'i.