Malaman jami'a da suka taɓa fita waje, yaya kuka yi?

Sabon Lakcara: Assalamu alaikum malamaina. Tunda TETFund, hukumar asusun tallafa wa manyan makarantun Najeriya, ta dakatar da tura malamai karatu waje daga Janairun 2025, mu na baya muna neman wata ƙofa. Waɗanda suka taɓa fita, don Allah a ba mu labari.

Dakta Injiniya: Wa alaikumus salam. A Malesiya na yi digiri na uku. Karatu lafiya lau, abincin halal ko'ina, masallaci cikin makaranta. Amma da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke darajarta a watan Yunin 2023, dalar da muke lissafawa a kan wajen naira 460 ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo. Haya ta gagara. Na maido iyali gida, na koma ɗaki ɗaya da wani ɗan Indonesiya har na kammala. Ƙanena, kowane tallafi ka gani, fara tambayar da wane kuɗi ake biya.

Malamar Harshe: Ni Fulbright, shirin tallafin karatu na gwamnatin Amurka, ce ta kai ni can koyar da Hausa na shekarar karatu ɗaya. Ba digiri ake bayarwa ba, kana koyarwa kana ɗaukar wasu kwasa-kwasai. Kuma ba a tafiya da miji ko yara, sai da Hajiyarmu ta karɓi riƙon yaran sannan hankalina ya kwanta.

Farfesa Mai Ƙasa: A lokacin da na je, DAAD, hukumar musayar ilimi ta Jamus, tana ba malamai zaman bincike na wata 1 zuwa 3, da yuro ake biya. Ƙashin bayan takardunka shi ne wasiƙar gayyata daga farfesan can. Kada ka aika masa doguwar gaisuwa irin tamu. Karanta aikinsa, ka nuna inda naka ya haɗu da nasa. Abin da ya fi wahalar da ni ma a gida yake: takardar izinin tafiya ta kwana a ofis-ofis har ranar biza ta kusa wucewa.

Sabon Lakcara: Ranka ya daɗe, wanda bai gama digiri na uku ba fa?

Farfesa Mai Ƙasa: Ka duba tallafin karatu na Commonwealth da Birtaniya ke bayarwa. Suna da tsarin da rajistarka tana jami'arku, ka je Birtaniya ka yi wata 12 kana bincike, ka dawo ka ƙarasa.

Daga Yamai: Mu nan Faransa muka saba zuwa, malami ɗaya a can ɗaya a gida suna duba aikinka. Tun da Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairun 2024, neman biza ya zama aiki. Ni Maroko na juya.