Saukewar fayil a manhajata ta Electron tana komawa farko duk sanda sabis ya yanke

Ɗalibin Kod: Assalamu alaikum manyanmu. Manhajar nan ta makarantu da na nuna muku kwanaki, wadda na haɗa da Electron, abin nan na gina manhajar kwamfuta da JavaScript, yanzu na iso wajen sauke bidiyon darussa. Kowane fayil yana kai megabayit 300 zuwa 700. Da sabis ya ɗan yi ƙasa sai saukewar ta tsaya, in na kira resume() don ta ɗora daga inda ta tsaya kuma sai ta koma sifili. Jiya sau uku fayil ɗaya yana kaiwa kashi 80 yana komawa farko, datata ta sati ta ƙare a kansa. In sa electron-dl ne, kod ɗin nan na saukewa da aka riga aka shirya, ko in ci gaba da nawa da na rubuta a kan will-download na Electron, ko akwai abin da ya fi su?

Bazazzage: Wa alaikumus salam. Sa electron-dl kawai, layi biyar ka gama.

Yaya Mai Linux: Layi biyar ɗin ba za su raba shi da wannan ba. Shi ma electron-dl a kan will-download yake zaune, sauƙi kawai ya kawo. Ƙanena, bar manhajar tukuna. Buga curl -I a kan adireshin bidiyon ka faɗa mana abin da ya dawo.

Ɗalibin Kod: To Yaya. Ya dawo da 200 OK, da video/mp4, da Transfer-Encoding: chunked. Ban ga wani abu ba bayan su. Bidiyon yana bi ta wani ɗan kod da na rubuta a Express ne, mai duba ko makaranta ta biya kafin ya saki fayil.

Yaya Mai Linux: To ga ɓarawon nan. Babu Accept-Ranges, babu ETag, babu Last-Modified. A takardun Electron an rubuta ƙarara cewa sai sabar ta yarda da Range, wato a nemi wani yanki kawai na fayil, kuma ta ba da ETag da Last-Modified kafin resume() ya ɗora daga inda aka tsaya. In babu, sai ya zubar da abin da ya sauka ya faro daga tushe. Kuma tunda babu Content-Length, na san getTotalBytes() sifili yake ba ka. Kashi 80 ɗin nan daga ina kake lissafa shi?

Ɗalibin Kod: Da hannu na rubuta girman a cikin jerin darussan.

Yaya Mai Linux: Na yi zaton haka. Daina zuba fayil ɗin da pipe. Bayan ka duba biyan kuɗin, miƙa shi ga res.sendFile, shi da kansa yana kula da Range da ETag da Last-Modified. In kuma akwai nginx a gaba, X-Accel-Redirect ya fi, ka bar nginx ya ɗauki nauyin. Sannan ka gwada da curl -r 0-99. In ka ga 206, wato sabar ta aiko yankin da ka nema kawai, ka samu, in ka ga 200 da sauran aiki.

Baban Yara: Ku ba ni wuri in faɗi abin da ya same ni, don abin da Yaya Mai Linux ta faɗa gaskiya ne, amma rabin maganin ke nan. Ni sabar ɗina lafiyarta ƙalau, tana ba da 206, tana ba da ETag, duk da haka sai da na kwana uku ban runtsa ba.

Shekara biyu ke nan na yi wa wata cibiyar koyar da kwamfuta irin wannan aikin. Na gwada a gida, komai sumul. Na kai musu, aka saka, na dawo. Bayan sati biyu mai wurin ya kira ni ransa a ɓace, ya ce rabin bidiyon ba sa buɗewa, wasu kuma suna tsayawa a tsakiya, ga ɗalibai sun riga sun biya. Ya riƙe ragowar kuɗina, kuma ban ga laifinsa ba. Na shiga mota na je. Abin da na tarar shi ne duk kwamfutocin na tebur ne, babu batir, babu abin riƙe wuta. Ana tsaka da saukewa sai a ɗauke wuta, kafin a tada janareta sun mutu. Ni kuwa na ba setSavePath sunan ƙarshe kai tsaye, darasi12.mp4. Guntun da ya sauka yana nan zaune da cikakken suna. Ana kunnawa manhajar ta duba folda, ta ga akwai fayil mai wannan suna, sai ta sa masa alamar ya sauka. Megabayit 90 cikin 500, amma alama kore shar. Malami ya tsaya gaban aji ya danna, bidiyo ya ƙi. Wannan kunyar da na jawo wa malaman nan ta fi kuɗin ci mini rai.

Tun daga ranar fayil ba ya samun sunansa na gaskiya a wurina sai ya cika. Da .part yake sauka. Ko done ya zo da completed ba na yarda, sai na lissafa SHA-256 ɗinsa, wato lambar da ke tantance abin da ke cikin fayil, na gwama da wanda ke cikin jerin da sabar ta bayar. In ya dace a canza suna, in bai dace ba a goge a sake. Kuma ka ajiye guntun a faifai ɗaya da inda zai zauna, don in ka ajiye shi a C kana so ka mayar D, fs.rename zai jefo maka kuskuren EXDEV.

Sai abu na gaba da ya kamata ka sani, ɗana: resume() yana amfani ne muddin manhajar tana raye. Da ta mutu DownloadItem ɗin ya tafi, Electron ba ya tuna komai, kai ne za ka tuna masa. Ka riƙa ajiye abin da getSavePath, getURLChain, getETag, getLastModifiedTime da getStartTime suka ba ka a ɗan fayil na JSON, da jimillar girman. In an sake kunnawa ka miƙa su ga createInterruptedDownload, will-download zai tashi da shi a matsayin interrupted, sai ka kira resume(). Amma offset kar ka ɗauko shi daga JSON ɗin, auna girman guntun da ke kan faifai, don mai ɗauke wuta ba ya jira ka gama rubutu.

Da na yi duk wannan sai wata ta ɓullo. A sigar da nake aiki da ita lokacin, in mutum ya rufe manhajar da hannunsa ana cikin saukewa, guntun gogewa yake yi kamar an soke shi. A nan haƙurina ya ƙare. Na bar DownloadItem gaba ɗaya, na rubuta nawa da net.request: ni nake sa Range, ni nake ɗora bayit a kan guntun, babu mai goge mini komai. Na zaɓi net a kan https na Node ne don yana bin hanyar Chromium, yana gane furoksin da aka saita a kwamfutar. Abu ɗaya dai, wanda zai bi wannan hanya ya aika If-Range tare da Range, kuma ya duba lambar amsa. In an canza fayil a sabar, 200 za ta dawo da shi cikakke, in ka ɗora wannan a kan tsohon guntu ka haɗa gurɓataccen abu.

Bazazzage: Baba wannan ai littafi ka rubuta mana. Allah ya saka da alheri.

Ɗalibin Kod: Amin. Wallahi Baba existsSync ɗin nan mai duba ko akwai fayil kawai, wanda ka kwatanta, shi ne a kod ɗina yanzu haka. Jikina ya yi sanyi.

Ɗan Damagaram: Duk wahalar nan Electron ce ta jawo. Ku koma Tauri, kishiyar Electron, ku huta. Kuna kukan data, alhali manhajar kanta kafin a sauke bidiyo ko ɗaya ta kusa megabayit ɗari, don kowace tana tafe da Chromium ɗinta a goye. Tawa ta Tauri ba ta kai goma ba.

Bakano: Ga shi nan ya zo. Ko maganar tuwo ake yi a zauren nan sai ka ce a koma Tauri.

Ɗan Damagaram: Kai dai Bakano in ba kasuwa ake magana ba ba ka da ta cewa. Faɗa mini inda na yi ƙarya.

Bakano: Ba ka yi ƙarya ba, ka dai ɓoye rabi. Tauri ba ta ɗauke da burauza don tana jingina da WebView2, injin burauzar Microsoft, a Windows. Je ka makarantar da aka yi shekara ba a sabunta kwamfuta ba ka ga ko yana ciki. Kuma yaron nan JavaScript ya iya, kana so ya fara Rust saboda saukewar fayil? Sabar da ba ta ba da Range ko da me ka rubuta manhajar daga farko za ta fara.

Ɗan Damagaram: Wannan ta ƙarshen na yarda. Sauran ban yarda ba. Tun da Tauri 2 ta fito a 2024 abubuwa da yawa ba sai ka taɓa Rust ba.

Mai Gadin Zaure: Jama'a, rigimar Tauri da Electron mun yi ta watan jiya, tana nan sama ga mai so. A taimaki yaro da abin da ya tambaya.

Malam Shiru: Tambaya ɗaya. Wace Windows ke kan kwamfutocin makarantun? In akwai Windows 7, Electron 22 ce ta ƙarshe da ke tashi a kanta. Daga 23 ba ta yi.

Ɗalibin Kod: Innalillahi. Makaranta ɗaya duk 7 ce. Ban ma san da wannan ba, Malam.

Malam Shiru: Gara yanzu da ranar sakawa.

Bazazzage: Ni har yanzu ina kan bakana, ga wanda fayilolinsa ƙanana ne electron-dl ya isa. Ba kowa ke sauke bidiyon megabayit 500 ba.

Yaya Mai Linux: Babu wanda ya musa maka. Nasa ne ba ƙanana ba. Ƙanena, wasu abubuwa biyu tunda ka buɗe kod ɗin. Duba inda ka sa session.on('will-download'). In a cikin aikin da ke buɗe taga yake, duk tagar da aka buɗe sai ya ƙara rajista a kan session ɗaya, ka wayi gari sanarwa tana fitowa sau uku. Sau ɗaya ake sa shi. Sannan kar ka tura kowane updated zuwa fuska ta IPC, tara su ka aika sau ɗaya ko biyu a daƙiƙa, tsofaffin kwamfutoci za su gode maka. setProgressBar ma ka sa, malami ya ga ci gaban a ƙasan allo ko ya naɗe tagar.

Baban Yara: Da powerSaveBlocker, ka ba shi prevent-app-suspension lokacin saukewa, ka sake shi in an gama. Laftof da yawa barci suke yi a bar su da aiki.

Sabon Shiga: Salam. Don Allah wa ke da IDM, manhajar nan ta sauke fayil, wanda ba ya neman lasisi?

Mai Gadin Zaure: Ba a raba irin wannan a nan. Karanta ƙa'idojin da ke maƙale a sama.

Bakano: In gudun IDM kake so, aria2 kyauta ne, yana raba fayil gida-gida ya ja su lokaci guda, yana kuma ɗorawa daga inda ya tsaya. Akwai masu cusa shi cikin manhajar Electron su yi masa magana ta RPC. Amma ni abin da ke damuna daban ne. Makaranta mai kwamfuta ashirin, kowace ta sauke bidiyo ɗaya da datar mai makaranta? Sau ashirin fa ke nan. Ɗaya ta sauke, sauran su ɗauka daga wurinta ta waya ko ta filash. Tunda akwai SHA-256 ɗin Baba, manhajar za ta iya tantance abin da aka kawo a filash ba tare da intanet ba.

Ɗan Damagaram: Yau dai Bakano ya faɗi abin kirki, da yake lissafin kuɗi ne. A nan ma haka muke yi. A kula dai, filash mai FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabayit 4.

Ɗalibin Kod: Na canza zuwa sendFile, 206 ta fito! Na cire wayar intanet a kashi 40 na mayar, ya ɗora daga 40. Yaya Allah ya biya ki. Saura na Baba, wannan sai ƙarshen mako. Amma ga wata sabuwa: darasin da sunansa ke da ƙ ko ɗ yana sauka da wasu alamomi barkatai a madadin harafin.

Yaya Mai Linux: Content-Disposition ne. filename na gargajiya ba ya ɗaukar haruffanmu lafiya, sai an sa filename* da UTF-8. res.download ko res.attachment suna yi maka wannan.

Malam Shiru: Ni ba na sa masu lanƙwasa a sunan fayil sam. Lamba nake ba fayil, sunan Hausa ya zauna a cikin manhaja.

Baban Yara: Nan kam ban bi ka ba, Malam. Malami yana buɗe folda ya kwafi darasi ya kai gida, in ya ga 0047.mp4 me zai gane? Windows tana karɓar ƙ da ɗ ba matsala. Cikin abin da ba ta karɓa akwai alamar tambaya, da ɗigo biyu, da tauraro, da sandar nan mai karkata. Irinsu za ka tace, kuma kar ka yarda da sunan da sabar ta aiko ba tare da ka wanke shi ba.

Malam Shiru: Sai ranar da aka matse foldar a zip aka buɗe a tsohuwar kwamfuta, Alhaji. Na gani da idona.

Ɗan Damagaram: Mu da muke fama da é da è a kan ƙ da ɗ fa? Kuma ƴ ɗinmu ku 'y kuke rubutawa, ko bincike aka yi ba a samun fayil ɗin.

Bakano: Wannan kuma ku za ku gyara, mu namu daidai yake.

Ɗan Damagaram: Wane allon rubutu kuke amfani da shi a Windows ma tukuna? Nawa tun da na sabunta ya daina fitar da ɓ babba.