Me ya sa tabar lofe ke canza ɗanɗano idan ta daɗe a ajiye?

Ɗan Kurmi:
Assalamu alaikum. Shekara uku da suka wuce na sayi gwangwani biyu na tabar lofe, irin haɗin da aka san mutanen Ingila da shi. Na sha ɗaya a lokacin, ɗayan kuma na manta da shi a ƙasan akwati. Da na buɗe shi makon jiya, sai na tarar ganyen ya yi duhu, ƙaurin hayaƙin itacen da na san shi da shi ya ragu ƙwarai, ga kuma wani zaƙi mai kama da na busasshen dabino. Shin tabar ta lalace ne, ko haka take yi?

Baba Mai Lofe:
Wa alaikumus salam, ɗana. Tabarka ba ta lalace ba, ganyayen da aka haɗa ne kowanne ya bi halinsa. Ginshiƙin irin wannan haɗi shi ne Virginia, wadda ake busarwa da zafi a rufaffen ɗaki ba tare da hayaƙi ya taɓa ta ba, shi ya sa sukarinta yake zama a jikinta, kuma ita ce take ƙara zaƙi da laushi idan ta daɗe tana tsimuwa. Ƙaurin da ka rasa kuwa na Latakiya ne, wadda ta samo sunanta daga wani birnin gaɓar teku a Siriya, kodayake daga baya yawancin sarrafa ta ya koma tsibirin Saifurus. Ana shanya ta a rana, sannan a turara ta da hayaƙin itatuwa masu ƙamshi har ta yi baƙi. Tun da turare ne aka yi mata daga waje, shekaru suna rage masa kaifi. A ganina, wanda yake son wannan ƙauri bai kamata ya daɗe yana ajiyar tabarsa ba.

Malam Bazazzagi:
Baba ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina so in ƙara da Perique, wadda ake nomawa a yankin St. James na jihar Luwiziyana a Amurka. Ana danne ganyenta a gangunan katako har kimanin shekara guda, ta tsimu a cikin ruwan jikinta, ta fito da ɗan yaji. Kaɗan ake sakawa, kamar yadda ake yi wa miya da daddawa. Ita kuwa Burley, wani nau'in ganyen taba da ake sakawa a haɗi, sukarinta kaɗan ne, don haka ajiya ba ta canza ta sosai. Amma kada laushin hayaƙin ya ruɗi kowa, domin tsufan taba bai rage haɗarinta ga baki da maƙogwaro da huhu ba.

Ɗan Kurmi:
Na gode, Baba, na gode, Malam. To yanzu da na riga na buɗe gwangwanin, yaya zan yi da sauran?

Baba Mai Lofe:
Ka juye ta a kwalbar gilashi mai murfin da iska ba ta shiga, ka ajiye a wuri mai sanyi da duhu, domin iskar hunturu tana iya busar da ita ta yi ƙarau cikin kwanaki. Idan kuma ka ga farar funfuna mai gashi-gashi a kanta, ko ka ji tana warin ruma, to ka zubar da ita gaba ɗaya.