Me za mu kira "tamfilet" da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata kalma ce ta tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo ta gabanku mu tattauna.

Ina kula da wani shafin intanet na manoma, muna sa hasashen yanayi a kai. Akwai ɗan akwatin da na tsara sau ɗaya: sunan gari a sama, digirin zafi a tsakiya, a ƙasa kuma ƙarfin iska da yiwuwar saukar ruwa na kwana 3, da ɗan hoton rana ko hadari ko hazo. Na adana shi. Yanzu kowane shafi na buɗe, na Kano ne ko na Maraɗi, kiransa kawai nake yi ya fito, alƙaluman garin su shiga ciki. Da na zauna koya wa ƙanena aikin, sai na ji bakina yana ta maimaita "tamfilet", wato sunan irin wannan akwati da Turanci, yaron kuma bai gane komai ba. Abin ya dame ni.

Na san a Wikipedia ta Hausa samfuri ake cewa, kuma ban raina zaɓin ba. Sai dai a kasuwa samfuri shi ne abin da ake nuna maka kafin ciniki, kamar ɗan geron da ake zuba maka a tafin hannu ka duba kafin ka sayi buhu. Yana da abin ciki. Namu kuwa fanko ne, kullum sabon abu ake zuba masa: yau digiri 41 a bazara, wata rana 14 da asubar hunturu.

Wani ya ce mu ce tsari. Ta yi faɗi da yawa, komai ma tsari ne.

Yayata ce ta kawo wadda ta fi burge ni: tanda. Tanda ba ta canzawa, ƙullun ne sabo kowace safiya, kuma duk wainar da ta fito girmansu ɗaya. Ma'anar ta zauna daram. Matsalar ita ce duk wanda ya ji ta, waina zai tuna, ba kwamfuta ba.

Daga nan na faɗa kan mazubi. Ita nake goyon baya, domin ta faɗi aikin da kanta: wurin da ake zuba abu ya ɗauki siffarsa. Mazubin yanayi, mazubin labari, mazubin farashin hatsi, duk suna hawa harshe. Na yarda a gida kwano da bokiti ma mazubi ne, amma jimla za ta raba gardama.

Saura abu ɗaya. A WordPress, manhajar da ake gina shafukan intanet da ita, tun sigar 5.0 ta Disambar 2018 ake iya adana irin wannan akwati a sake kiransa, kuma daga 6.3 a Agustan 2023 aka bambanta iri biyu. Ɗaya in ka gyara shi a wuri guda, duk shafukan sun gyaru. Ɗayan da zarar ka liƙa shi ya zama mai cin gashin kansa. Na farkon nake kira jonannen mazubi, na biyun kwafin mazubi. Jiya na ce wa ƙanena, "Jonanne ne, kar ka bi shafi-shafi, gyara asalin." Nan take ya yi.

Malaman Hausa da ke nan, da mutanenmu na Nijar da ke aiki da Faransanci, ku yaya kuke cewa a wajenku?